Yaya ga bayanin keke da ruwan sama da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya kai da iyali baki daya, ya aiki ya damina, Allah yasa ayi ta lafiya a gama lafiya. Sakonka ya iso tun ranar da ka turo, naga kace hoton da na dora a WhatsApp ya baka tausayi, wai ace mutum yana Turai amma yana taka keke ruwa na dukansa, sannan a karshe ka tambaya wane kaya ya kamata in hado maka tunda kaima yanzu da keken kake zuwa aiki kuma ruwa ya kankama. Na so in amsa da sakon murya amma maganar da tsawo kuma akwai sunayen kaya da lambobi a ciki, gara in rubuta yadda zaka iya dawowa ka duba, in yaso duk mai bukata cikin yan uwa ka tura masa.

Hoton nan lokacin Stadtradeln aka dauka. Wani bikin masu keke ne da ake yi a garuruwan Jamus duk shekara, wata kungiyar garuruwan Turai masu rajin kare yanayi da ake kira Klima-Bündnis ce ta faro shi tun 2008. Kowane gari zai zabi kwana 21 a jere tsakanin 1 ga Mayu da 30 ga Satumba, a cikin kwanakin nan duk wanda yake zaune a garin ko yake aiki ko karatu a cikinsa zai shiga wata tawaga, duk kilomitar da ya taka a rubuta masa, ko ka bar manhajar waya ta lissafa maka ko ka shigar da hannunka da yamma. Makarantu da tawagarsu, asibitoci da tasu, ofisoshi, unguwanni, har kansilolin gari ana duba mutum nawa ne cikinsu suka hau keke, don dama asalin manufar kenan, masu yanke hukunci akan titi su bi titin da kafarsu su ji abinda mai keke yake ji. A 2023 wadanda suka shiga sun haura mutum miliyan 1. Akwai ma wadanda ake kira taurarin bikin, su alkawari suke dauka a gaban jama'a cewa har a gama kwana 21 din ba zasu shiga karamar mota ba ko da wani ne zai rage musu hanya.

Ni tawagar wajen aikinmu na shiga. Garin namu Munster dama garin keke ne, mutanensa sun dan haura dubu 300 amma kekuna sun fi mutane yawa, sama da kashi 40 cikin 100 na zirga zirgar yan gari akan keke ake yinta. Inda tsohuwar ganuwar gari take aka maida wajen hanya mai bishiyoyi hagu da dama, Promenade suke ce mata, ta zagaye tsakiyar gari tsawon kilomita 4 da rabi kuma mota bata hawa, da safe in ka shiga zakaga dalibai da malaman jami'a da iyaye masu kai yara makaranta da tsofaffi masu furfura kowa yana taka nasa. To bana sai kwanakin bikin suka hadu da ruwa, nayi zaton hanyar zata yi fayau, wallahi Yaya kadan ta ragu. Wata safiya ma ana tsaka da yayyafi aka kafa rumfa a bakin hanya ana mika wa masu wucewa kofi mai zafi, ana duba birki da fitila kyauta, mutane suna tsayawa da rigunan ruwansu ana hira ana tambayar kai wace tawaga kake. A nan na tsaya na kare wa kekunan da mutanen kallo sosai, naga yawancinsu ba wasu masu karfin hali bane na musamman, kaya ne da su da suka dace da ruwa sannan garin ya gyara musu hanya.

Kafin kayan dai ka sani ruwan nan daban yake da wanda muka saba. Abinda yake sauka a Munster a shekara tsakanin milimita 700 ne zuwa 800, ba wani yawa na a zo a gani ba, amma a warwatse yake cikin wata 12, yawanci yayyafi ne siriri da iska mai sanyi, zai wuni yana yi yana tsayawa gari yayi luf. Irin wanda hadari zai hado yayi bakikkirin, iska ta taso, a sheka shi kamar da bakin kwarya awa daya a dauke, ba kasafai ake yinsa anan ba, duk da yana faruwa, ranar 28 ga Yuli 2014 an yi wanda har yau yan garin suna maganarsa, milimita 292 cikin awa 7, dakunan karkashin kasa suka cika har aka rasa rayuka. Na kawo maka wannan ne don kayan da ake sayarwa anan saboda yayyafi da sanyi aka yi su, ba duka ne zasu maka amfani ba. Sannan kusan kowa kafin ya fita sai ya duba waya, hukumar yanayi ta Jamus tana da manhaja WarnWetter, yan Holan kuma Buienradar suka fi rikewa, taswira ce take nuna maka gajimaren yana tafiya, kana gani zaka san nan da minti 20 zai wuce sai ka dan dakata ka fita a bushe. Akwai wani dan Holan da ya shekara 10 yana rubuta duk tafiyarsa ta zuwa aiki da dawowa, ya jike ko bai jike ba, da ya hada lissafi kusan tafiya 1 cikin 10 ce kawai ruwa ya taba shi.

In kace in zabi abu daya tak da zaka kashe wa kudi, madigad zan ce maka, wannan marfin da yake rufe saman taya, tun kafin ayi maganar rigar ruwa. Ruwan da yake saukowa daga sama mai tsabta ne kuma yana bushewa, wanda taya take debowa daga kwalta shine bala'in, hade yake da yashi da bakin mai da duk kazantar titi, tayar baya ta zana maka layi tun daga kugu har keya, ta gaba ta cika maka takalmi ta watsa wa cen, wato sarkar keke, yashi. Kuma ko an dauke ruwa titi yana nan a jike awanni, kaga mara madigad yana baci ko a lokacin da sama ta washe. Kala biyu ake sayarwa anan. Akwai gajere na roba da ake makalawa a karkashin sirdi, da araha kuma samari masu keken tsere suna sonsa don bashi da nauyi, amma gaskiya rabin aiki yake. Sai cikakke mai bin taya tun daga sama har kusa da kasa, wanda ake daurewa da siraran sandunan karfe, wani kamfani SKS da ke Sundern a nan jiharmu ya fi suna wajen yinsa, roba ce aka sa siririn alminiyam a tsakiyarta don haka baya tsatsa. Na gaban yana da wani dan mahadi da yake ballewa da kansa in kara ko itace ya shige tsakanin taya da madigad, don kada tayar ta kulle ta wurga mutum ta kan sitiyari, wannan dabarar ta burge ni matuka. In aka kara masa dan harshen roba a kasa mai saukowa dab da kwalta to takalmi ya tsira, shi wannan ko tsohuwar jarka ka yanka ka daure zai yi aikin. Ranar da aka yi zagayen gari na hadin gwiwa duk wanda bashi da madigad na baya zakaga mutane suna janyewa daga bayansa, don feshin a fuskar na baya yake sauka.

Iyakar Holan kusa take damu, akwai jirgin kasa da yake zuwa Enschede kai tsaye, na kan leka, kuma a jikin keke zaka gane yadda tunanin kasashen biyu ya bambanta. Keken Holan irin na Gazelle ko Batavus tun daga kamfani yake zuwa a shirye da ruwa, cen a rufe ruf cikin akwatinsa, giya a boye cikin cibiyar wilin baya, birki shima a cikin cibiya ko kuma na maida feda baya, ga madigad ga kariya ta dora kaya a baya ga fitila ga makulli like a jikin tayar baya, har da wani marfi a gefen wilin baya da yake hana doguwar riga shiga sifoki. Mutum a mike yake zama yana ganin gabansa. Ana barin irin wannan keken a waje ruwa da kankara shekara da shekaru kuma yana tafiya. Aibinsa nauyi, sai ya kai kilo 20 ko fiye, hawa tudu da shi wahala ne, kuma in tayar baya tayi faci cire ta aiki ne babba. Na Jamus da aka fi gani yafi sauki a hannu, giya barkatai a waje, yana gudu yana hawa tudu, amma cen dinsa a bude yake don haka duk bayan ruwa sai ka goge da tsumma ka diga mai, in ka kyale kwana biyu zakaji yana kuka kaga yayi ja da tsatsa. Kuma man keke na gaskiya ake sa masa kadan a goge ragowar, bakin mai yashi yake tarawa ya cinye hakoran. A ganina ga mai zuwa aiki a shimfidaddiyar hanya cikin ruwa na Holan yafi, nesa ba kusa ba, shi yasa ma anan Munster da babu tudu shi yafi yawa a titi.

Maganar birki ka rike ta da kyau don nan ne rai yake. Birkin da yake matse rim, in rim ya jike zagayen farko na wilin ruwa kawai yake sharewa kafin ya kama, in kuma rim din na karfe ne mai sheki abin yafi muni, na alminiyam yafi kamawa. Abinda masu keke anan suke yi shine tun da nisa kafin mahada suke dan taba birkin a hankali ya busar da rim. Birkin faifai irin na mashin da na cikin cibiya basu damu da ruwa sosai ba. Kuma roban birki a ruwa yana cinyewa da sauri saboda yashi, sai ana dubawa. Wuraren santsi kuma sanannu ne, farin fentin titi, murfin kwata na karfe, jikakken ganye, da duwatsun da aka shimfida a tsohuwar kasuwar gari Prinzipalmarkt, akansu ba a karya kwana da gudu ba a kuma damke birki. Ruwan farko bayan an dade ba ayi ba yafi kowanne santsi don yana taso da man da ya kwanta a kwalta. Kududdufi kuma ba a shiga don baka san ramin da ke kasansa ba. In ana tsawa da walkiya sauka ake a shiga gini, keke baya kare mutum yadda mota take karewa, kuma gindin bishiya ba mafaka bace, wannan kai yafi shafa akan mu.

Fitila anan doka ce, fara a gaba ja a baya, da abubuwa masu kyalli a feda da wili, da kararrawa, da birki biyu kowanne da kansa, kuma yan sanda suna tsayar da mutane musamman lokacin da dare yake tsawo. Fitila mai kiftawa ba a yarda a daura ta a jikin keke ba, kuma wadda aka amince da ita sai ta karkatar da haskenta kasa yadda bazai kashe idon mai tahowa ba. Tsohon dainamo mai gogar gefen taya in an yi ruwa zamewa yake, daidai lokacin da kafi bukatar haske sai ya dauke, shi yasa yanzu a cikin cibiyar wilin gaba ake sa shi, babu ruwansa da jikewa, kuma fitilun Busch & Müller da makamantansu suna ajiye yar wuta ta wasu mintuna yadda in ka tsaya a danja bazata mutu ba. Tun 2013 aka yarda da masu caji suma. Cikin ruwa ko da rana ce kunnawa ake, don direba ta cikin jikakken gilashi yake hango ka. Hular kwano ba dole bace a Jamus ko Holan ga keke na yau da kullum, yan Holan ma da wuya kaga mai ita, ni dai ina sawa kuma ina so kaima ka rika sawa.

Sai tufafi, inda mutane suka fi asarar kudi. Jaket masu tsada irin na Vaude ko masu yadin Gore-Tex ana rubuta musu lamba, in kaga 10,000 ko 20,000 yawan matsin ruwan da yadin zai iya rikewa kenan, kuma an yi su ne yadda gumi zai rika fita ta cikin yadin alhali ruwa baya shiga. Amma wannan fitar gumin tana aiki ne in waje yafi jikinka sanyi da bushewa, a wajen da ake zafi da danshi zaka jike ne daga ciki, ka isa aiki sharkaf ba tare da digon ruwan sama ya taba ka ba. Manyan kantunan araha suma in bazara ta shigo suna kawo riga da wandon ruwa na yan kwanaki, suna yin aiki shekarar farko amma dinkin ne yake fara yoyo da zif, araha dama bata ado. A Holan kuwa riga da wandon ruwa na HEMA ko AGU a jaka ake yawo dasu, in ya sauko a tsaya karkashin gada a zura akan kayan aiki a ci gaba. Abinda nake ganin zai fi maka shine mayafin ruwa na masu keke, wanda ake zura kai ta tsakiya gabansa ya rufe har sitiyari da gwiwa, yana da madauri a ciki da ake rikewa da hannu, kasansa a bude iska na shiga don haka gumi baya taruwa. Sharadinsa biyu, sai da madigad don shi baya tare ruwan kasa, kuma in iska tayi karfi yana kama ta ya rika janka gefe, sai a rage gudu ko a tsaya. Ka zabi mai launi mai haske, rawaya ko ruwan lemo. Lema a hannu daya sitiyari a daya ina ganin masu yi a Holan amma ban baka shawara ba.

Wata dattijuwa a tawagarmu da take tahowa daga wani kauye a wajen gari, kuma ita tafi kowa kilomita a wajen aikin, ita ta fada min abinda yafi duk wadannan amfani, tace ka ajiye busasshen takalmi da safa da riga daya a wajen aiki su zauna can din din din, jikewar hanya ta rabin awa ce, zama da jikakkiyar safa kuwa wuni ne. Mu an bamu dan kabad na karfe da wajen rataye kaya kusa da hita, wasu ma'aikatun har da bandakin wanka, wasu kuma babu ko daya.

Jaka kuwa anan Jamus ta ciri tuta. Ortlieb da ake yi a Heilsbronn kusa da Nuremberg, mai kamfanin Hartmut Ortlieb ruwa ne ya jika masa kaya a wata tafiyar keke a Ingila, yaga babbar mota da tamfol dinta kayan ciki a bushe, ya dawo gida ya dinka jaka da irin tamfol din, a 1982 ya kafa kamfanin. Wadda suke yi yanzu babu dinkin allura a jikinta, narka gefen ake a like, bakinta kuma nadewa ake sau uku a danna makulli, babu zif balle yayi yoyo, a gefen kariya ake rataya ta sai bayanka ya huta da gumi. Da tsada ba karya, amma zakaga mutum da wadda ta shekara 15 launi ya kode tana aiki. Kafin a samu irinta leda mai kauri a cikin kowace jaka tana tsare takardu da waya. Taya ma ka sani faci yafi yawa a ruwa, don ruwa yana wanko kwalba da kusa zuwa gefen titi kuma jikakkiyar kwalba tafi saurin huda roba, anan Schwalbe Marathon Plus aka fi sa wa keken zuwa aiki, tana da wata roba mai kaurin milimita 5 a cikin tayar karkashin inda take taka kasa, nauyi gare ta kuma sa ta a rim sai an sha fama, amma sai a dade ba a nemi mai faci ba.

Bangaren hidima kuma akwai na yabo akwai na korafi. Akwai titunan da aka ware wa keke an shafe su da jan launi, mota in an bata izinin shiga bakuwa ce, bata wuce gudun kilomita 30 kuma masu keke suna da damar jerawa biyu. Tun 2020 doka tace mai mota in zai wuce mai keke ya bar tazarar mita 1 da rabi a cikin gari, mita 2 a wajen gari, ba kowa yake bi ba amma yawanci suna bi, kuma a ruwa wannan tazarar ita take hana a watsa maka. A bakin tashar jirgi akwai Radstation da aka bude a 1999, gidan ajiye keke ne a karkashin kasa mai daukar sama da 3,000, da bakanike a ciki da kekunan haya har da injin wanke keke. Amma in ka tsallaka Holan sai kaga namu karami ne, na tashar Utrecht da aka kammala a 2019 keke 12,500 yake dauka kuma awa 24 na farko kyauta, sannan a tashoshinsu da katin jirginka zaka dauki hayar keken OV-fiets ka karasa inda zaka. Hanyoyin kekensu ma sun fi namu fadi da laushi, namu da yawa tubali ne aka jera a gefen masu tafiya da kafa, saiwar bishiya ta daga shi ruwa ya kwanta. A lokacin bikin akwai wani sashe na manhajar mai suna RADar, a garuruwan da suka bude shi in kaga rami ko wajen da ruwa yake taruwa sai ka sa alama a taswira ka dora hoto ya tafi wajen hukumar gari, ni wannan yafi min gasar kilomitar daraja.

Korafina gyara ne. Bakanike anan ya iya aiki amma in bazara ta shigo kowa ya fito da kekensa sai a baka rana nan da sati biyu ko uku, kuma kudin hannu da lokaci ake lissafa shi, sau da yawa yafi kudin kayan da aka canza. Wani shagon ma da na je cewa yayi sai keken da aka saya a wajensa yake karba a irin wannan lokacin. Shi yasa kusan kowa ya koyi faci da canza roban birki da kansa, akwai wuraren da zaka shiga a baka sifana da makulli wani ya tsaya yana nuna maka kai kana yi, akwai turakun gyara a bakin hanya da famfo da kayan aiki daure da waya, har injin sayar da tib akwai a jikin bangon wasu shaguna ko da tsakar dare. Dalibai da yawa sun huta da duk wannan sun koma keken haya na kamfanin Swapfiets, mai shudiyar tayar gaba, kudin wata kake biya in ya lalace su gyara ko su canza maka cikin awa 48. Sata kuma tana da yawa sosai a garin nan, makulli mai kauri a daure da karfen da ke kafe a kasa, ba a wasa da wannan.

Don haka abinda zan hado maka insha Allah shine cikakken madigad gaba da baya, fitila biyu masu caji da wayar cajin waya, mayafin ruwan nan, roban birki na ajiya, da jakar kariya guda daya. Jaket mai tsadar na barshi saboda dalilin da na fada, wili mai dainamo kuma nauyinsa da girmansa bazai shiga kaya ba. Amma kafin in saya sai ka duba gefen tayarka ka turo min lambar da ke jiki, zakaga wani abu kamar 37-622 ko 40-635 ko 47-559, ta farkon fadin taya ce ta biyun kuma girman rim. Kada kace min inci 28 kawai, don 622 da 635 duka inci 28 ake ce musu kuma daya baya shiga wajen daya, tsofaffin manyan kekunan nan masu birkin sanda yawanci 635 ne. Madigad din ana so yafi taya fadi da kamar santimita 1. Ka kuma dauko min hoton wajen da wili yake shiga karfe gaba da baya in ga ko akwai yan ramukan daure noti, da hoton birkin daga kusa, da na kariyar in kana da ita don in san kaurin karfenta. Akwai mai tahowa karshen wata mai zuwa, in lambar ta iso cikin satin nan zan samu in saya in bashi. A gaida su Umma da yara.